MURHUN NASARA DA KE BAYAN LAKWAL

(Jawabin da mushen lakwal na garinmu ya yi gaban taron ƙungiya, kashegarin Sallah)



Baba Maigari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Dattawan gari, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayena mata da ke zaune can gindin darni, da ku ƴan'uwa da kuka taso daga Zindar, da Yamai, da Kano, da Agadas, har da waɗanda suka ƙetaro daga Libiya da Aljeriya domin su yi Sallah a gida, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da Sallah. Yaro ba ya tsayawa gaban iyayensa ya yi dogon bayani sai an ba shi izini. Shugaba ne ya ce in tashi, shi ya sa na tashi. In na yi kure, dattawa su gyara mini, domin wasunku sun ga abin da zan faɗa da idonsu, ni kuwa ji na yi, sauran kuma a takarda na karanta.

Maganar ita ce ta baƙin ƙarfen nan da ke jibge bayan lakwal, gindin dogon yaro, wanda kaji ke kwana cikinsa. Kun ji labari masu sayen tsohon ƙarfe sun zo da sikelinsu wata biyu da suka wuce, sun taya shi kilo-kilo. Wasu daga cikinmu suka ce a sayar, a sayi alli da tabarmi. Ban ga laifinsu ba, domin ni na fi kowa sanin ba mu da alli. Amma shugaba ya ce kafin a yanke, a fara sanin ko mene ne abin. Yaran da na ke karantarwa wasu cewa su ke injin jirgi ne, wasu su ce akwatin kuɗin Nasara ne. To murhu ne. Murhun girkin Nasara ne na zamanin bariki, kuma kakana, Allah shi jiƙansa, shi ya kawo shi garin nan bisa amalanke.

Wanda ya je ya duba zai ga akwati ne mai ƙafa huɗu. A gefe guda akwai ƴar ƙofa, nan a ke zuba wuta. Ƙarƙashinta akwai wani ƙarfe mai ramuka kamar rariya, toka na zuba ta ciki ta faɗa wani aljihu da a ke jawowa a zubar. Babbar ƙofar da kaji ke shiga, tanderu ne na gasa burodi da nama. Samansa shimfiɗaɗɗe ne kamar tebur, da ramuka masu murfi, murfin kuma zobba ne wani cikin wani, a cire ɗaya ko biyu gwargwadon gindin tukunya. Ta baya akwai bakin da a ke sa bututu, hayaƙi ya bi ya fita ta saman ɗaki. Bututun tsatsa ta cinye shi tun ban zo duniya ba.

Na sa yara sun goge ƙofar da yashi, sai rubutu ya fito: Godin. Sunan mutum ne. Ɗan maƙeri ne a arewacin Faransa, an haife shi a 1817. A 1840 ya karɓi takardar gwamnati ta shaidar cewa shi ya ƙago yin irin wannan murhu da ƙarfen zubi, a 1846 kuma ya kafa masana'antarsa a wani gari da a ke kira Giz. Ƙarfen zubi daban ya ke da ƙarfen da maƙeranmu suka sani. Namu, tama a ke ƙonawa ta dunƙule, a fitar, a yi ta bugu da guduma bisa uwar maƙera har ta zama fartanya ko gatari. Shi wannan narka shi a ke yi har ya zama ruwa, da wuta mai zafin digiri wajen 1200, a kwarara shi cikin ramin da aka siffanta a yashi, in ya huce a fasa yashin a ɗauko. Zubi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, maƙeran fari suna zuba azurfa da tagulla, kuma zamanin Sarki Tanimun har igwa an yi a Birni. Amma narka baƙin ƙarfe ya zama ruwa da yawa haka, sai babbar masana'anta. Halin ƙarfen zubi biyu ne. Yana jinkirin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma ba ya saki da wuri. Sa'an nan ba ya lanƙwasa, tsagewa ya ke yi kamar tukunyar ƙasa. Ku riƙe waɗannan biyu, za mu komo kansu.

Ƙasar da aka yi murhun nan dominta, ƙasar sanyi ce. Can wata biyar ko shida mutum ba ya zama ɗaki babu wuta. Saboda haka murhun aiki biyu ya ke yi musu, ya dafa abinci, ya ɗumama gida, iyali duka su kewaye shi da dare. Kuma arewacin Faransa ƙasar kwal ce, wato gawayin dutse da a ke haƙowa ƙarƙashin ƙasa, wanda ke daɗewa yana ci. An yi murhun ya ci kwal ko icce, wanda ya samu. To sai aka ɗauko shi aka kawo Damagaram, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, inda kuma babu kwal ko tsinke. Kwal mafi kusa a wancan zamani shi ne na Inugu a Najeriya, wanda aka gano a 1909, shi kuwa jirgin ƙasa ke cinye shi. Na ƙasarmu da ke Anu Araren, arewa da Agadas, sai bayan mun sami ƴancin kai aka kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙo shi. Ke nan duk tsawon mulkin Nasara murhun nan iccenmu ya ci, da gawayin iccenmu.

Yadda Nasara suka zauna Zindar, dattawa sun fi ni sani, zan taɓa shi a gurguje saboda matasa. A 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju a Zindar zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 Faransawa suka komo da yaƙi, aka kara a Tirmini, suka shiga Birni. Daga 1911 zuwa 1926 Zindar ce hedkwatar ƙasar Nijar duka, kafin a maida ta Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka tashi. A cikin shekarun nan ne bariki ta cika da gidajen gwamna da kumandan da hafsoshin soja da likita da ƴan kasuwa. Kayansu masu nauyi ta teku su ke zuwa Ikko, su hau jirgin ƙasa wanda ya iso Kano a 1911, daga Kano kuma raƙuma da takarkarai da jakuna su ɗauko, tafiyar kilomita wajen 240. Daga baya manyan motoci suka karɓa. Murhu irin wannan raƙumi ba ya ɗaukarsa a haɗe, sai an kwance shi gunduwa-gunduwa, a zo a sake ɗaurawa. Saboda haka ba kowane Nasara ke da shi ba. Ƙananansu murhun tubali a ke gina musu a aza ƙarfe a kai, ko su yi girki da furno na gawayi. Na zubi sai manya, musamman waɗanda suka zo da madam.

Kuma su ma sun san zafinsa. Ku da kuka san tsofaffin gidajen bariki, kun lura madafa, wadda su ke kira kwizin, ba ta cikin gidan. Can baya a ke gina ta, ɗan ɗaki shi kaɗai, a tsakani da fili. Zafi da hayaƙi da ƙauri su tsaya can, abinci ya iso tebur a rufe. Wanda ke cikin ɗan ɗakin kuwa namu ne. Mata ba su cika yin aikin ba, maza ne: kuku, da boyi, da ƙaramin yaro mai wanke tukwane da hura wuta wanda su ke kira marmito. Kakana da marmito ya fara yana ɗan saurayi, kafin a gama yaƙin Hitila, ya hau har ya zama kuku.

Na riske shi da rai, na yi shekaru ina kai masa ruwan alwala, kuma ba ya gajiya da labarin murhun nan. Ya ce tun kafin kiran assalatu ya ke tashi ya kwashe toka ya hura wuta, domin ƙarfen sai ya yi wajen awa guda kafin tanderu ya isa gasa burodin safe. Daga nan wuta ba ta mutuwa sai bayan abincin dare, saboda in ta mutu sai an sake jiran wata awa. Nasara kuwa abincinsu kala-kala ne, romo daban, nama daban, ganye daban, abin zaƙi daban, ga ruwan wanka na madam. Ya ce da bazara in ya shiga madafa da hantsi, ɗan wando kawai ya ke bari a jikinsa, ya jiƙa buhu ya yafa a kafaɗa, kafin ya juya nama sau biyu buhun ya bushe. Amma in za a kai abinci tebur sai an sa farar riga mai maɓalli har wuya. A watan azumi ya ce nan ya san Allah ɗaya ne. Hannunsa na dama akwai tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa, shaidar ƙofar tanderu.

Tsagar nan da kuke gani ta ratsa saman murhun, ita ma da labarinta. Wata rana mai ya kama da wuta, marmiton da ke ƙarƙashinsa ya tsorata ya sheƙa ruwan randa bisa jan ƙarfe. Na ce muku ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa. Kakana ya ce ƙarar da ya yi kamar an harba bindiga. Yaron ya tsallake katanga ba a sake ganinsa ba, kuku aka yanke wa albashi. Da mai gidan zai koma ƙasarsu a 1960, sai ya ce ga murhu nan ya ba shi, ladan shekarun da ya yi. Murhu tsagagge. Ni dai ban ce kome ba, ku auna da kanku.

Na karanta cewa shi Godin mutumin kirki ne ga ma'aikatansa. Daga 1859 ya fara gina musu wani ƙaton gida kusa da masana'anta, da lakwal ta ƴaƴansu, da wurin wanka da wanki, daga baya ma ya maida masana'antar ta zama tasu. Yau gidan wurin tarihi ne, baƙi na zuwa kallo. Da na karanta haka sai na tuna kakana wanda ya yi shekara da shekaru yana kwana bisa buhu a bakin ƙofar madafa.

Yanzu maganar icce, wadda ita ta fi shafar garin nan. Ramin wutar murhun ƙarami ne, dogon icce ba ya shiga. Kara kuma ba ya yi masa kome, kafin ƙarfe ya ji ɗumi ya zama toka. Sai faskaren icce mai ƙarfi, an daddatse shi gajere-gajere, kuma wuta tun asuba har dare. Wa ke kawowa? Dattawan da ke zaune nan gaba sun ji daga bakin iyayensu, ɗaya ko biyu ma sun ɗauka da kansu suna yara. Aikin tilas ne. Kumandan ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa maigari, maigari ya bi gida-gida. Icce, da ciyawar dawaki, da ruwa, da kaji, da ƙwai, da nono, duk a kai bariki, bayan kwanakin aikin hanya da ke kan kowane baligi a shekara. Wanda ya ƙi, kumandan na da ikon ɗaure shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mutum ya yi gammo ya ɗauki dami tun daga nan har Zindar, a ƙafa, a lokacin da gonarsa ke jiran noma. Ba a kashe aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Hufwet Bwanyi na Kodibuwa. Bayanta icce ya koma na saye, amma daga dajin nan dai a ke saro shi.

Abin da ke ba ni mamaki, gwamnatin da ke karɓar iccen ita ce kuma ta fito da dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta hana talaka sare wasu itatuwa sai da takarda, ta sa ma'aikatan daji suna cin mutane tara. Wato a kawo icce dole, a sare icce laifi. Kuma ba su suka koya mana tsaron icce ba. Kowa a Damagaram ya ji ana faɗin hukuncin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa wanda ya sare gawo ba izini a bakin ransa. Ba na cewa murhun Nasara ne ya cinye dajin Damagaram. Nasaran ba su da yawan da za su iya haka. Mu da yawanmu, da gyaɗar da aka sa mu nomawa, da farin 1973 da na 1984, mu muka yi mafi yawan ɓarnar. Amma dami na bariki ya fi ciwo, domin wanda ya ɗauka bai ci abin da aka dafa da shi ba.

Da kakana ya iso da murhu, gari duka ya fito kallo. Ya girka shi tsakar gida yana taƙama, ya ce wa kakata daga yau ta huta da hayaƙi. Kwana uku ta yi ta ce a fitar mata da shi. Iyayena mata, ku kun san dalili tun ban faɗa ba. Tukunyarmu gindinta kewayayye ne, ba ta zama bisa shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Tuwo kuma ba a tuƙa shi a tsaye. Sai mace ta zauna, duwatsu uku sun riƙe tukunya gam, ta sa muciya da ƙarfinta duka. Bisa murhun Nasara tana tuƙi tukunya na gudu. Ga shi ba ya cin kara, ga shi kafin ya yi zafi maƙwabciya ta kwashe tuwonta. Haka ya koma bayan gida, da aka gina lakwal kuma kakana ya ce a kai can, wai ko yara sa koyi wani abu. Shekarun nan duka kaji kaɗai suka amfana.

Amma akwai magana guda da kakana ke maimaitawa, ita ta sa na yarda in yi jawabin nan. Ya ce duk azabar zafin madafar nan, idonsa bai taɓa yin hawaye ba, bai taɓa tari ba. Wutar a rufe ta ke, iska ta ƴar kafa ta ke shiga, in ya so ya ƙara in ya so ya rage, hayaƙi kuma ya bi bututu ya tafi sama. Ya rasu yana karanta Alƙur'ani ba tabarau. Kakata kuwa, mai duwatsu uku, shekara goman ƙarshe jan ta a ke yi da sanda, tari kuma bai bar ta ba har kabari. Ba ni da ilmin likita da zan ce hayaƙi kaɗai ya yi mata haka. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Ban da haka, murhun duwatsu uku a fili mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa, abin da ke shiga tukunya bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Ku zo lakwal da hantsi ku gani. Iyayenmu mata biyu da ke dafa wa yara abincin kantin, cikin rumfar kara su ke, manyan tukwane bisa duwatsu, ba ka ganin fuskarsu don hayaƙi, ɗaya da goyo a baya. Iccen kuma yara ke kawowa, kowane yaro sanda guda kowace safiya. Ni ke tsayawa bakin ƙofa ina dubawa, wanda bai kawo ba in tsawata masa. Wata safiya wata yarinya ƴar aji uku ta iso bayan an shiga, ƙafarta duk ƙaya, ta ce mushe na je nesa ne, kusa babu. Na karɓi sandar na jefa bisa tuli. Da dare na kwanta sai na ga ashe ni ma na zama ɗan kumandan, ina zaune ana kawo mini icce. Tun ran nan abin bai bar ni ba.

Za ku ce an taɓa kawo mana murhun zamani. Gaskiya ne. Bayan farin 1984 an yi ta yaɗa Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, har garin nan an gina. Na tambayi iyayena mata abin da ya kashe su. Suka ce na laka damina ta rusa, ba wanda ya nuna musu gyara, wasu kuma an gina su ba a auna tukunyar gidan ba. Kuskuren kakana ne aka sake yi, namiji ya kawo murhu bai tambayi mai tuƙa tuwo ba. Za ku ce kuma ga gas, tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 nan arewa da Zindar. Ku mazauna birni da yawanku da shi kuke girki, Allah shi ƙara buɗi. Amma kantin mai ciyar da yara fiye da ɗari, in tulun gas ya ƙare ranar Talata, wa zai kai shi Zindar ya cika, da kuɗin wa? Gawayin dutse na Anu Araren ma ana sarrafa shi don girki, amma bai iso kasuwarmu ba. Icce dai shi ne namu, kuma alhamdu lillahi gawo ya komo gonaki. Sassaben zamani da manoma suka riƙe a jihohin Maradi da Zindar ya maido itatuwa bisa eka wajen miliyan 5 ta lissafin Faransa, Mirya da Magarya da Matamai na gaba-gaba. Kada mu bari tukunyar lakwal ta sa yara su koma karya rassan da iyayensu suka raina.

Ga roƙona ga ƙungiya. Kada a sayar da murhun. Abin da masu sikeli suka taya, allin wata uku ne, ya ƙare a manta. A samu samari shida su ɗauke shi su shigar da shi aji na, in riƙa karantar da tarihi da shi, Baba Maigari da sauran dattawa kuma su zo wata Alhamis su gaya wa yara yadda aka kai dami bariki, tun suna da ƙarfin zuwa. Sa'an nan mu gina wa kantin murhu biyu na laka, rufaffu, ƙasa-ƙasa yadda mace za ta tuƙa a zaune, kowane da bututun hayaƙi kamar na Godin. Iyayenmu masu dafuwa su za su kawo tukwanensu a auna, su za su nuna inda ƙofar wuta za ta duba, abin da suka ce shi za a yi. Laka da harawa da kashin jaki muna da su, aikin gayya ne na yini biyu. Abin da ke son kuɗi shi ne bututu biyu, da kwano huɗu na rufi domin damina kada ta rusa. Na je kasuwar Dole na yi magana da masu aikin kwano, na rubuto kuɗin kowane abu a takarda, tana hannun ma'aji. Wannan kuma ku ƴan'uwa na birni da na ƙetare mu ke dubawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina so a gama kafin a koma lakwal a watan Oktoba, laka ta samu ta bushe sosai. In an yi, zan auna iccen da a ke ƙonawa sati guda kafin, da sati guda bayan, in kawo muku lissafi a taro mai zuwa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ma'aji yana zaune bakin zaure da littafinsa, wanda zai koma gobe da motar safe ya biya ta wurinsa tun yau.

Baba Maigari, na daɗe a tsaye, a gafarce ni. Allah shi jiƙan magabatanmu, shi maida matafiya gidajensu lafiya.